Duba-Ƙasa da Takalmin Manaja

A layinmu in aka ce "takalmin manaja", ba sai an ƙara bayani ba, kowa ya san da wa ake. Da maƙwabcina ake, wanda katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, mutumin da muke kira Duba-Ƙasa. Shekara huɗu ya yi yana neman aiki. A ta ukun aikin ya zo har bakin ƙofarsa, shi kuma ya kore shi da bakinsa.

Ga yadda aka yi. Wani kamfanin robobi ne, masu yin bokiti da kujeru, suka nemi wanda zai riƙa duba kaya kafin a fitar da su kasuwa. Mutum sittin suka rubuta takarda. Aka tace aka bar biyar, aka sake tacewa aka bar biyu, shi da wani. Ranar ganawar ƙarshe ya sa rigar da aka goge masa tun jiya, ya shiga ofishin manaja, ya amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ba gargada. Manaja har ya fara murmushi. Ya miƙe, ya zagayo tebur zai ba shi hannu, ya ce, "Kana da wata magana kafin mu tashi?"

Irin tambayar nan ce da ake amsawa da "babu, na gode". Duba-Ƙasa ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe. Takalminka na hagu ba zai kai sati biyu ba."

Manaja ya ce, "Me ka ce?"

"Gam aka sa masa. Ɗinkin da kake gani na ado ne, bai ratsa ba. Ga shi can ya fara buɗe baki ta wajen ƙaramin yatsa. In da tsada ka saya, an cuce ka."

An ce daga wata tafiya manajan ya dawo da takalmin, kuma babu wanda bai sha labarinsa ba a ofishin. Sakatariya tana bakin ƙofa, ta ji komai, ta toshe baki da fayil. Hannun da aka miƙo ya koma aljihu. Aka ce masa ya je, za a neme shi. Yau shekara biyu ke nan ana nemansa.

Kada a ɗauka rashin kunya ce. A duk layin babu mai kawaicinsa, mutum ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Abin da ya ja masa shi ne, shekara goma sha tara ya yi a kamfanin takalma, a ƙarshen bel ɗin da ke jawo kaya daga wajen masu ɗinki zuwa wajen masu sawa a kwali. Shi ne mutum na ƙarshe da takalmi ke bi ta hannunsa kafin ya shiga duniya. Zai ɗauka, ya lanƙwasa, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya zura hannu ciki ko akwai ƙusar da ta leƙo, ya ƙwanƙwasa dunduniyar a kan tebur ya saurara. In ya gamsu ya tura gaba. In bai gamsu ba ya ja masa alli ya jefa a kwandon da ke gefensa. Masu ɗinki sun tsani kwandon nan, amma in za su saya wa 'ya'yansu takalmi, shi suke roƙo ya zaɓa musu.

To mutumin da ya daɗe haka idonsa na kan takalmi, yaushe zai koyi ɗaga kai? Yana gaishe ka yana kallon ƙafarka. Kowa a layin ta ƙasa ya san shi. In ka canza takalmi sai ka yi magana kafin ya gane ka, ni kaina ya taɓa wuce ni a bakin titi don na ari na ƙanena. Matarsa ta ce lokacin da yake zuwa nemanta duk gidansu an yaba da kunyarsa, wai ga yaro mai tarbiyya, ko ido ba ya haɗawa da manya. Sai bayan aure ya gaya mata ai takalmin babanta yake kallo, yana mamakin yadda mutum zai cinye dunduniya ta gefe ɗaya kawai.

Wata safiya suka je aiki suka tarar da kwaɗo a ƙofa, da takarda manne a jikin get. Injuna an ce an sayar, masu kamfani an ce sun yi gaba. Mutum ɗari uku suka tsaya a rana suna karanta takarda ɗaya, kamar in an sake karantawa za ta canza magana.

Shekarar farko bai yarda ya zama marar aiki ba. Ƙarfe shida ya tashi, ya yi wanka, ya sa kaya, ya ɗauki fayil ɗinsa mai ruwan ƙasa ya fita. Babu ofishin da bai san bencinsa ba. Ya san inda maigadi ke karɓar takarda da hannu biyu ya tura ta ƙarƙashin kujera, ya san inda ake ce maka oga ya fita alhali ga motarsa a inuwa. Wani wuri a ce ya tsufa, wani wuri a ce ƙwarewarsa ta yi musu yawa. Akwai sanarwar da ya kawo mana shagon aski na bakin layi, inda muke zama da yamma, muka karanta tare: ana neman wanda bai wuce shekara talatin ba, mai ƙwarewar shekara ashirin. Mai aski ya tsayar da almakashi ya ce, "Wannan ai sai wanda aka yaye shi a bakin inji."

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda sunkuyar da kansa ta canza ma'ana. Da can in ya wuce kai a ƙasa, cewa ake ga shi can yana aiki ko a hanya. Yanzu in ya wuce haka, sai mata su rage murya, su yi masa irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya. Shi kuwa bai canza komai ba. Ko da yake, in gaskiya za a faɗa, daga shekara ta biyu kan ya ƙara sauka kaɗan, kuma ba kullum ne takalmi yake kallo ba.

Keken ɗinkin matarsa ne ya riƙe gidan da yaransu uku. Ta katanga nake jin sa, tun safe yana gudu kamar ba zai gaji ba. Da zaman gida ya ishe shi sai ya ce zai taya ta, ta ba shi sa maɓalli. Kwana biyu da farawa ta juyo ta ga ya ware wasu riguna gefe guda.

Ta ce, "Baban yara, waɗannan kuma fa?"

Ya ce, "Ba su wuce ba."

"Ba su wuce ina ba?"

"Ɗinkin hammata ya karkace. Wannan kuma zaren ya yi sako-sako."

Ta ce, "Ga shagon aski can. Je ka duba kawunan mutane, duk wanda bai wuce ba ka ware shi."

Haka ya dawo bencinmu, kuma daga bencin ne ya tafi ya yi wa manaja bayanin takalminsa. Bayan wannan ya yi wata shida bai rubuta takarda ko ɗaya ba.

Ana cikin shekara ta huɗu yayan matarsa ya zo. Mutum ne mai rufin asiri, yana da babban sito na kayan gini a wani gari mai nisa, tafiyar kwana da wuni a mota. Ba mugu ba ne, irin mutanen nan ne dai da in sun taimake ka sai ka ji kamar an ɗora maka buhu. Ya zauna a kujera mai hannu, wadda ita kaɗai ce ba ta rawa a falon, ya ce ya gaji da ganin ƙanwarsa tana tsufa a kan keke. Akwai gurbin maigadi a sitonsa, da ɗaki ɗaya a baya. Ɗakin na mutum ɗaya ne, babu wurin iyali, amma sau biyu a shekara zai iya zuwa ganin gida.

Ya ce, "Motar siminti za ta biyo ta nan ranar da yara suka yi hutu. In ka samu wani abu kafin nan, madalla. In ba ka samu ba, ka hau. Ko akwai magana?"

Wannan karon Duba-Ƙasa ya ce, "Babu, Yaya. Na gode."

Saura sati bakwai ke nan a yi hutu. Shekara ashirin da biyu da aurensu, kuma in ban da lokutan haihuwa ba su taɓa kwana a gidaje daban ba. Da yayan ya tafi matar ta koma ɗinkinta. Ranar na ji keken yana gudu fiye da kullum, kuma daga baya ta gaya wa matata allura uku ta karya.

Ita ce kuma ta gano sanarwar. Ta kai mahaifiyarta asibiti ganin likitan gwiwa, suna zaune a layi ta hangi takarda a bango: sashen ƙashi yana neman wanda ya san fata da ɗinki, a ɗakin da ake haɗa takalma ga masu lalurar ƙafa. Ta kwafe a bayan takardar magani, ta kawo gida ta ajiye masa a kan gwiwa. Ya rubuta. Bayan sati uku aka sa masa ranar ganawa, wadda ta faɗo kwana huɗu kafin zuwan motar siminti.

A nan ne ni da mai aski muka shigo, kuma ba na faɗar wannan don alfahari. Muka ce ba a fafe gora ranar tafiya, wannan karon sai mun gyara shi. Mai aski ya kafa doka, ya sa shi ya maimaita har ya haddace: takalmin da aka ɗora a kan tebur naka ne, takalmin da ke ƙafar mutum ba ruwanka. Sannan muka shiga gwaji. Kullum da hantsi, kafin masu zuwa aski su taru, mai aski ya zama manaja, ni na zama sakatare. Ya samo wani tsohon takalmi da aka ɗaure da waya ya sa a ƙafa da gangan, ya ɗiga hoda a tsakiyar goshinsa ya ce, "Nan za ka kalla. Duk abin da ke ƙasan gemuna ba a halicce shi ba."

Duba-Ƙasa zai shigo ya yi sallama, ya zauna, ya kafa wa hodar ido. Mai aski ya riƙa karkaɗa ƙafa, wayar tana ƙara. Da idon ya fara zamewa ƙasa sai ka ji almakashi ƙyas.

"Mutumina, ina za ka?"

"Ba ko'ina."

"Na ga ka kai gwiwa. Dawo."

Gumi yake yi kamar mai ɗaukar kaya. Muka kuma tsara masa amsoshi. In an ce ya faɗi halinsa, ya ce shi mutum ne mai son aiki da jama'a. In an tambaye shi ko ya ga wani aibi, ya ce bai ga komai ba sai alheri. In an ce akwai magana, babu. Cikin sati biyu ya ƙware. Yana iya kallon goshin mutum minti goma ko ƙiftawa babu, har wani mai jiran aski ya tambaye ni a ɓoye ko mutumin nan lafiyarsa ƙalau. Mu kuwa muna ta yaba wa kanmu.

Ranar ganawar ni na raka shi, don matarsa ta ce in an bar shi shi kaɗai zai iya juyowa daga bakin get. Ɗakin yana can bayan asibitin, sai ka wuce wajen wanki da wajen ajiye gadajen da suka lalace. Tun kafin mu kai warin gam da fata ya tarye mu. Na ga ya tsaya cak, ya ja numfashi. Ta taga ana hango kantoci cike da fararen ƙafafu na siminti, kowace da lamba a jiki, ga injin ɗinki biyu, ga wuƙaƙe jere a bango. Aka kira shi. Ni na zauna a bencin baranda, ƙofar kuma ba ta rufu duka ba, saboda haka abin da zan faɗa da kunnena na ji, wani kuma da idona.

Shugabar wurin mace ce, za ta kai hamsin, 'yar ƙarama, tabarau rataye a wuya da igiya. Ciwon shan inna ya taɓa ta tun tana yarinya, ƙafarta ta dama ta fi ta hagu gajarta, saboda haka takalmin dama an yi masa tudu mai kauri a ƙasa. Ta ɗora takalma uku a kan tebur ta ce ya duba. Nan fa aka zo gidansa. Ya lanƙwasa, ya shafa, ya ƙwanƙwasa. Ya ce wannan fatar an yanka ta a karkace, za ta saki. Wannan mai shi yaro ne, kuma da gefen ƙafa yake takawa. Wannan kuwa babu abin da ya same shi, mai shi ne ba ya sawa, wataƙila yana matse masa. Na ga ta sa tabarau ta sake kallonsa.

Sai ta miƙe ta ce, "To yanzu kalli tafiyata."

Ta taka zuwa bango ta dawo. Idon Duba-Ƙasa yana kan goshinta. Ta sake zuwa ta dawo, idon ya bi goshin ya raka shi ya dawo da shi. Ta tsaya.

"Malam, wuyanka ne ke ciwo?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Ni mutum ne mai son aiki da jama'a."

"Na ji. Me ka gani a tafiyata?"

"Ban ga komai ba sai alheri."

Ta koma ta zauna, ta cire tabarau, ta rufe fayil ɗinsa a hankali. Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta ce, "Mutum huɗu suka zo kafin kai, dukansu alheri suka gani. Waɗanda ke zuwa ɗakin nan sun gaji da masu kau da kai daga ƙafafunsu. Tun suna yara ake yi musu haka, wai don kada su ji kunya. Wanda ba zai iya kallon ƙafa ba, ban san abin da zan yi da shi ba. Hannunka yana da kyau, na gani. Ka je, za a neme ka."

Garin gyaran gira mun tsone ido. Abu ɗaya mutumin nan ya iya a duniya, mun ɗauki sati biyu muna cire masa shi da almakashi.

Ya miƙe ya yi godiya, ya juya ya kama hannun ƙofa. Muka haɗa ido ta tsagin ƙofar, kuma ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ita kuma ta tashi za ta mayar da takalman kan kantocin. A siminti ana jin takunta sarai, ɗaya shiru, ɗaya da ƙara kamar an ajiye katako. Taku shida ko bakwai ta yi. Na ga ya rufe ido. Na girgiza masa kai, don har lokacin ban gama hankalta ba. Bai ko kula ni ba.

Bai juya ba ya ce, "Ranki ya daɗe, tunda dai an riga an gama, zan faɗi wata magana."

Ta ce, "Ina ji."

"Wanda ya yi miki takalmin dama ya ƙara tudun daidai, amma ya bar ƙasan a miƙe kamar bulo. Bai sassaƙe gaban ba yadda ƙafar za ta mirgina. Shi ya sa kike ɗaga ta da ƙugu ki ajiye gaba ɗaya. In ban yi kuskure ba, kafin la'asar bayanki yana riƙewa ta gefen hagu."

Masu aiki biyu da ke can ciki suka tsayar da inji.

Ta ce, "Ka ce ba ka ga komai ba."

"Ban gani ba. Ji na yi."

"To juyo ka gani."

Ya juyo. Ya durƙusa a gabanta kamar ba shi ne ya sha horon goshi ba, ya ce ta ɗan taka, ta taka. Ya ce ta cire, ta zauna ta cire ta miƙa masa. Ya juya shi sama da ƙasa, ya bi ɗinkin da yatsa, kuma da yake bakin ya riga ya buɗe sai ya ƙarasa. Ya ce, "Mai aikin ya iya ɗinki, ba laifi. Amma mai taurin kai ne. Ya ga dunduniyar tana cinyewa ta waje, maimakon ya nemi dalili sai ya yi ta ƙara mata faci. Faci uku ne a nan."

Ta ce, "Ni na haɗa shi."

Na sa hannu biyu na dafe kai. Na fara tunanin yadda zan gaya wa matarsa, da irin jakar da ta dace da tafiyar kwana da wuni a bayan motar siminti. Shi kuwa yana durƙushe da takalmin a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

Sai na ji dariya. Ba ƙarama ba, irin wadda ke sa mutum ya riƙe gefen tebur. Da ta lafa ta goge ido ta juya wajen masu aikinta ta ce, "Shekara takwas ina yawo da shi a gabanku. Ba wanda ya ce mini komai." Ɗayansu ya ce ai sun ɗauka haka take so. Ta ce ita kuma ta ɗauka tsufa ne ya kama mata baya. Ta zaro wuƙa daga bango ta miƙa wa Duba-Ƙasa ta ƙota, ta ce, "Mai taurin kan ta ba ka izini. Gyara."

Awa ɗaya ya yi a kai. Tana zaune ƙafa ɗaya a kan kujera tana sa hannu a takardu, shi yana sassaƙa, yana gogewa, yana ɗorawa a tebur yana turawa da yatsa ya ga yadda yake mirginawa. Sau biyu ya sa ta gwada ya karɓe. A na ukun ta taka zuwa bango ta dawo, ta fito baranda ta wuce ni, ta kai ƙarshe ta dawo. Ɗingishin yana nan, ba a ce ya tafi ba, amma ƙarar katakon nan babu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Litinin, ƙarfe takwas. Gwajin wata uku. Kuma in ka sake kallon goshina na kore ka."

Muka hau motar haya. Na ɗauka zai yi ta zuba, sai na juya na ga ya jingina kai da taga yana barci, baki buɗe, fayil ya zame ƙasa. Barci na sosai, har da minshari, da rana tsaka. Muka wuce inda za mu sauka da tasha biyu, don ban iya tashinsa ba.

Da muka iso, matar tana kan keke. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Litinin." Ba ta ɗago ba. Ta ƙarasa layin ɗinkin da take yi har ƙarshe, ta yanke zare, ta ninke rigar. Sannan ta shiga ɗaki ta jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado, wadda ashe ta haɗa masa tun sati biyu bai sani ba, ta zazzage ta a tsakar falo, ta zauna a ƙasa tana mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya inda suke. Ni dai a nan na tuna ina da gida.

Yaya da aka kira shi a waya ya ce Allah ya sa alheri, dama shi ba don komai ya yi ba. Kafin ya ajiye kuma ya tambaya ko wurin suna duba na waje, don shi ma ƙafarsa ta hagu tana damunsa. Motar siminti ta zo ranar hutu kamar yadda aka ce, direba ya sha ruwa ya wuce.

Yanzu shekararsa guda a wurin, gwaji ya wuce tuni. Ƙarfe shida ya tashi, ya yi wanka ya fita, kai a ƙasa kamar da, kuma mata sun koma yi masa gaisuwar lafiyayyu. An ce a asibitin in aka kawo yaro mai jin kunyar ƙafarsa, shi ake turawa, don shi ba ya wani sassauta murya ko kau da kai, durƙusawa yake ya ce taka mu gani, kamar yadda zai ce da kowa. Mai aski kuwa har gobe yana gaya wa mutane cewa horonsa ne ya yi aiki. In na ce ai horon ne ya kusa kashe mu, sai ya ce ba don ya danne maganar sati biyu ba da ba ta fito da ƙarfi haka ba.

Ranar Asabar da ta wuce yana kan kujerar aski, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, mai aski ya ga bencin ya cika sai ya ce bari ya taɓa shi.

"Mutumina, tsakani da Allah, in ka tuna manajan robobi ba ka cizon yatsa? Da yanzu kana ofis mai sanyi, kana duba bokiti."

Duba-Ƙasa ya ce, "Ina tunawa da shi kam. Aikin bai dame ni ba. Abin da ke damuna, sati biyu na ce masa, kuma har yau ba wanda ya zo ya gaya mini ko ya kai."